Abin Da Kunya Ta Hana Ni Faɗa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa da abokan arziki. Wata huɗu ke nan ba ku ji ɗuriyata a wannan dandali ba, kuma kun cancanci bayani. An yi mini aikin hanji a Kano, na kuma dawo Bunkure da ƙafafuna.

Abin ya faro ne da murɗawar ciki mai zuwa tana tafiya, ana tsakiyar ɗibar tumatir. Na ce basir ne, na shiga shan jiƙo.

Daga baya bayan gida ya tsaya cak. Ko iska ba ta fita. Ciki ya kumbura, amai ya biyo baya. Kwana huɗu ban faɗa wa kowa ba, domin ba a raine mu da yin irin wannan magana a gaban iyali ba.

Mai ɗakina ce ta gano ni, da ta lura ruwan butar da take ajiye mini a bakin banɗaki ba ya raguwa kamar da. Ta kira babban ɗanmu, ta ce, "Kawo mota. In ya ƙi, ku ɗauke shi kamar kwando."

Likitar da ta duba ni sa'ar autata ce. Ta ce, "Baba, yaushe rabonka da tusa?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ba raini ba ne, Baba. Ranka na cikin amsar nan."

Na amsa.

Hoto ya nuna ƙari a cikin hanji, ya ja hanjin ya shige cikin kansa, hanya ta toshe. Zuciyata ta tafi kan ciwon daji, har na yi wasiyya. A ranar aka shiga da ni tiyata.

Na farfaɗo da roba a hanci da ƙarin ruwa a hannu, an hana ni ci da sha sai iska ta fita. Rana ta uku ta fita. Hajiya ta ce, "Malam, shekara arba'in muna tare, ban taɓa zaton zan yi maka barka da wannan ba." Dariya ta kusa tsinka mini ɗinki.

Bayan mako biyu sakamako ya fito: dunƙulen kitse ne, ba daji ba. Alhamdu lillahi. Jiya na zagaya gonata ba sanda.

Ina godiya ga likitoci da duk wanda ya yi mini addu'a.

A ƙarshe, ina neman haɗin kan kowa. Dattawa, in ciki ya kumbura, bayan gida da iska suka tsaya, ku faɗa a ranar, ku tafi asibiti. 'Ya'ya kuma ku riƙa tambayar iyayenku kai tsaye. In sun tsawata muku, ku ce ni na aiko ku.