Babu "sannu da jiki" a darasin Rabi

Na tarar da ƙanwata Rabi tana maimaita gaisuwar Rashanci daga salula, Inna na gefe tana tsintar wake.

Jibi za ta bar Tasawa, ta samu karatun likita a Rasha. Darasin ma na masu Ingilishi ne, haka nan take lallaɓawa.

Inna ta ce, "Sun koya miki sannu da jiki?"

Rabi ta duba har ƙarshe. "Babu, Inna. Sai tambayar tasha da masauki."

"To in kin kwanta ciwo, wa zai leƙo ki?"

Waken nan a tire ya wuni, Inna ba ta ƙarasa tsintarsa ba.

Masu 'yan'uwa a can, don Allah wa ke duba su? Inna nake son in faɗa wa.