Alkafura a Kan Audugar Baba

Duk yaron ƙauyenmu ya iya mirgina a yashi, amma alkafura ta gaske, wadda mutum zai tashi sama ya juya ya dira a kan ƙafafunsa, wani malami ne ya kawo mana ita. Shi ne malamin motsa jiki a firamarenmu, can gefen Gozaki. Iyayensa Yarbawa ne masu shagon kayan babur a Funtuwa, can aka haife shi, Hausarsa kuwa ta fi ta wasunmu daɗin ji. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kullum da usur rataye a wuya. Manyan garinmu suna ce masa malamin birai in ya ba da baya. In ya juyo kuwa sai ka ji, "Malam, an wuni lafiya?"

Bai fara mu da tsalle ba, abin da ya ba mu haushi ke nan. Mun daɗe muna mirgina a kan wata tsohuwar katifar soso da yake ɗaurowa a bayan babur, wadda daga baya muka gane ita ce makwancinsa. "Haɓa a ƙirji," yake cewa. "Ku naɗe kamar bushiya." Daga nan sai tsayawa da hannu a jikin bango har jini ya taru maka a ka, sai juyin gefe. Wanda ya ga jikinsa ya nuna, shi yake sa wa hannu a ƙugu ya juya shi ta baya. Dokarsa guda ce, kuma a kanta kaɗai na taɓa ganin ya daki yaro: kada ka dira inda ba ka taɓa da hannunka ba.

Ni a aji ba na ja. Bulalar lissafi kam na sha ta har na ƙoshi. Amma a kan katifar nan, ba yabon kai ba, babu mai kamo ƙafata. Ranar da Malam ya janye hannunsa daga ƙuguna ban sani ba, na juya ni kaɗai na dira tsaye, sai da na ji kamar in yi kuka don daɗi. A duniya ba a taɓa nuna ni da yatsa don na iya wani abu ba sai ranar. Malam ya ce bayan kaka akwai gasar makarantu a Katsina, zai tafi da yaran da suka fi ƙwarewa, kuma a can akwai masu ɗaukar yaro su ci gaba da horar da shi. Ni da ban taɓa wuce Malumfashi ba, na ƙwallafa rai a kan tafiyar nan har ina mantawa da cin abinci.

Katifa guda ba ta isar yara da yawa, don haka na samo tawa a gida. Mu manoman auduga ne. In an cire ta, a ƙofar gida ake zuba ta cikin manyan buhuna da aka farke aka haɗe, aikin yara kuma shi ne su hau su tattaka har ta danƙaru, sannan a ɗaure bakin. Ni sai na mai da aikin wasa. In hau amalanken shanunmu, in tashi, in juya, in faɗa kan ƙunshin. Baba bai taɓa hana ni ba. Cewa yake, "Ai gara ma, biri ya fi danƙara ta da kyau."

Akwai abin da ake yi wa auduga a yankinmu wanda kowa ya sani, ba mai faɗa. Da nauyi ake sayenta, kuma manoma sun yi imani sikelin masu saye ba ya faɗin gaskiya. To su ma sai su rama. Wani ya yayyafa ruwa, wani ya barbaɗa yashi, mai ƙarfin hali kuma ya cusa marmara, wannan jan dutsen da ke gefen gonaki, can tsakiyar ƙunshi inda hannu ba ya kaiwa. In an kama ka, an ƙi audugarka gaba ɗaya, kuma kafin la'asar labari ya zaga gari. Baba ba a taɓa kama shi ba. Har kirari ake masa da mai tsabtar auduga, ni ma a haka na ɗauke shi.

Ranar awo ina makaranta. Ranar ce kuma Malam ya kira sunana cikin masu tafiya Katsina. Da gudu na dawo gida, bakina ya ƙi rufuwa. Na tarar da mota a ƙofar gida, an kafa sikeli, mutane sun taru. Mai sayen wani Alhaji ne daga Funtuwa, mai tumbi da son raha, yana zaune a kan kujerar da aka fito masa da ita. Wani daga cikin maƙwabta ya nuna ni.

"Alhaji, ga yaron da ake faɗa, mai tashi sama."

"Kai haba? To yaro, zo ka nuna mana mu gani."

Ban ko dubi Baba ba. Na jefar da jakata, na ɗare amalanke. Ƙunshin da ke ƙasa na san shi, ni na tattaka shi da ƙafata jiya-jiya. Na tashi ta baya, na juya, na saki jiki na faɗa da kafaɗa yadda na saba, don auduga ba ta buƙatar a dira mata tsaye.

Ƙarar da aka ji ba ta auduga ba ce. Ni kaina na ji ta kafin in ji zafin, wani ƙas kamar an karya busasshen kara. Sai numfashina ya ɗauke. Na mirgino ƙasa, hannuna na dama yana lilo kamar ba nawa ba.

Alhaji ya daina dariya, ya dubi ƙunshin, ya dubi Baba.

"Malam, me ke cikin nan?"

"Auduga mana, Alhaji. Me zai kasance?"

"Auduga ce ta yi wannan ƙarar?"

"Gwiwarsa ce ta bugi haɓarsa. Rawar kai ce ta yi masa yawa, ya ga baƙi." Baba ya juyo gare ni, murya a sake, har da ɗan murmushi. "Tashi, kai. Tashi ka sake yi, Alhaji ya gani da kyau."

Na ɗaga kai na dube shi. Na san Baba da faɗa, na san shi da duka, amma wannan kallon ban taɓa ganinsa ba. Ba fushi ba ne, roƙo ne da barazana a haɗe. A nan na gane ya san abin da ke ciki, ya san inda yake, ya kuma san abin da ya yi mini. Yayana, wanda tare suka cusa duwatsun da safe, ya sunkuyar da kai yana wasa da igiya.

"Baba, hannuna," na ce.

"Hannunka me? Namiji ne kai ko mace? Hau."

Da hannu ɗaya na hau amalanken. Ban iya juyawa ba, faɗawa kawai na yi, na karkata jiki don in kauce wa wurin, amma girgizar ta ratsa kafaɗar har cikin haƙorana. Na cije leɓe. Na miƙe tsaye, don na san abin da ake so ke nan. Baba ya tafa hannu, maƙwabta suka taya shi, su da kowannensu ke da nasa ƙunshin yana jiran awo. Alhaji ya yi dariya ya ce lallai yaron nan ɗan duniya ne. Aka ɗora ƙunshin a sikeli, aka jefa a mota.

Sai da motar ta ɓace sannan aka bar ni na shiga gida. Inna na ganina ta ɗora hannu a ka, ta ce a kai ni asibitin Malumfashi. Baba ya ce ba inda za a je a yi ta yi wa mutane tambayoyi, ya aika aka kira maɗorin garinmu. Tsohon ya san aikinsa, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Tambayar farko da ya yi ita ce, a kan me yaron ya faɗi?

"A kan auduga," in ji Baba.

"Auduga zalla?"

"Zalla."

"To ai auduga ba ta karya ƙashi. Targaɗe ne."

Da an ce masa dutse ne, da ya lallaba ya nemo karayar ya ɗaure ta. Da yake an ce masa auduga, sai ya yi mini maganin targaɗe. Ya sa yayana ya danne ni, ya shafa man shanu mai ɗumi, ya kama hannun ya ja, ya murza, ya sake ja. Ihun da ban yi a gaban Alhaji ba, a nan na yi shi, har maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, yana ji. Kalma ɗaya ce za ta tsai da hannun tsohon, kuma tana bakinsa. Na tsane shi a wannan lokacin, tsana irin wadda ban san yaro yana iya yi wa ubansa ba.

Da Malam ya ga ban zo makaranta ba, sai ya biyo ni gida. Ya durƙusa kusa da tabarmata, ya dubi kumburin, fuskarsa ta canza.

"Ka taɓa wurin kafin ka dira?"

"Na taɓa, Malam. Ni na tattaka ta da kaina."

Malam ya ɗaga kai ya dubi Baba. Shi ma a Funtuwa ya tashi, ya san auduga. Baba bai bari ya buɗe baki ba. Ya fita ƙofar gida ya ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji, wai ga wanda ya koya wa ɗansa wasan birai har ya nakasa shi, wai baƙo ya zo yana karya 'ya'yan mutane. Jama'a suka taru, kowa ya san gaskiya, kowa ya goyi bayan Baba. Malam ya hau babur ɗinsa ana yi masa ature. Kafin mako ya zagayo iyaye sun je wurin hedimasta, an hana alkafura a makarantar. Ba wanda ya je Katsina, ba ni ba, ba sauran ba. Yaran da aka zaɓa tare da ni suka daina yi mini magana, wai ni na ja musu.

Ƙashin ya haɗe yadda ya ga dama. Kafaɗar ta zauna a karkace, hannun kuma ya ƙi wuce tsayin kunnena. Na gwada tsayawa da hannu a bayan ɗaki, ba mai gani, na zube kamar buhu. Da damina ta zo aka ba ni fartanya, ban kai ƙarshen kunya ba hannun ya sage. Baba ya dube ni ya yi tsaki, ya ce in koma gefe in riƙa kora awaki.

Da kaka ta dawo, audugar ta yi kyau, aka tara ta a ƙofar gida. Ana gobe awo, da hantsi, Baba ya kira ni bayan rumbu. Na ɗauka wani aike ne. Sai ya miƙo mini kwando.

"Tunda hannun ba ya noma, ai ya iya tsinta," ya ce. "Je ka gefen gona ka samo mini marmara. Ka zaɓo masu faɗi, ban da masu tsini. Kai ka fi kowa sanin irin waɗanda ake ji."

Na karɓi kwandon da hannun hagu, na tafi.