Makon da Yaya Ta Ƙi Fita Daga Ɗakin Inna

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda tuni suka ɓace mini, amma makon da ya biyo bayan guguwar da ta yaye mana rufi a Dukawuya, wannan kam ba zan manta da shi ba har ranar da ƙasa za ta rufe mini ido.

A lokacin ban cika shekara biyu da yin ritaya ba. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aiki a tashar jiragen ruwa a Legas, har na kai ina da mutane a ƙarƙashina. In na ce a ɗaga sai a ɗaga, in na ce a ajiye sai a ajiye. Da lokacin hutu ya yi, 'ya'ya duk sun kama gabansu, sai muka tattaro ni da mai ɗakina muka dawo gidanmu na gado. Na gyara sashen gaba da bulo da kwano muka zauna. A can ƙuryar gidan kuwa akwai wani ɗakin ƙasa mai rufin azara, ɗakin mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, wanda yayata take ciki tun rasuwar mijinta. Ta girme ni da shekara tara, ita ta goye ni, kuma Auta take kirana duk da furfurar da ta cika mini gemu.

Zaman ritaya ya karɓe ni, ba zan ɓoye ba. In na dawo daga masallaci in sha kokona da ƙosai, in kunna rediyo, hantsi ya yi in fita majalisa ƙarƙashin darbejiya mu warware matsalolin duniya da baki, azahar ta tashe mu. Ban taɓa tsammanin mutum zai iya jin daɗin rashin sauri haka ba.

Ranar da abin ya faru, tsakiyar damina ce, bayan la'asar mun sake zama a majalisa. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, 'yan majalisa suka fara naɗe tabarmi. Ni kuwa sai na ce musu, "Ku dai ba ku ga iska ba. Wanda ya ga yadda teku ke haukacewa, wannan ai fifita ce." Ban ƙarasa shiga zaure ba fifitar ta nuna mini iyakata. Wata irin ƙara na ji kamar ana yaga sama, na ɗaga kai sai ga kwanon ɗakina yana tafiya a iska kamar takarda. Darbejiyar majalisarmu ta kwanta a kan falwaya, wayoyin wuta suka zubo cikin lungu. Sai ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya, bai tsagaita ba sai dab da magariba. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba a unguwarmu, amma katanga nawa ta zube, rufi nawa ya tafi, sai wanda ya gani.

Daga nan ne na san cewa ritaya ba aiki kaɗai take raba mutum da shi ba, har da ikon cewa a yi kuma a yi. Kafinta na neme shi ya fi sau shida. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Baba Alhaji, gobe in sha Allah da ni za ka karya." Goben nan har yau ban san ko ta wace shekara yake nufi ba, don rabin birni shi yake jira. Masu gyaran wuta suka zo suka tsaya suka kalli falwayar, suka girgiza kai, suka tafi. Wasu mutane suka zo da riguna masu sheƙi suka rubuta sunayenmu, suka ɗauki hoton rufin da babu, su ma ba mu sake ganin ƙeyarsu ba. 'Yan garuwa ba sa iya shigowa da kura saboda ɓaraguzai sun toshe lungu, naman da ke firji kuwa sai rabar da shi muka yi kafin ya lalace. Muka shimfiɗa tamfol a kan katakon rufi muka danne da duwatsu, in iska ta taso ya riƙa faɗa-faɗa kamar zai tashi da gidan. Ina ta hargagi a waya, babu mai jin tsorona. Mai ɗakina tana dariya tana cewa, "Alhaji, nan fa ba ofis ba ne."

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne abin da na gani a kwana na biyu, da na zagaya bayan ɗakin Yaya. Bangon gabas ya dare tun daga sama har kusan ƙasa, tsagar da hannuna ke shiga. Na ɗauko wani tsohon magini na unguwarmu, wanda ya san ginin ƙasa kamar yunwar cikinsa. Ya shafa bangon, ya ƙwanƙwasa, ya ɓantari ƙasar ya murza a yatsa.

Ya ce, "Alhaji, bangon nan ya sha ruwa ya ƙoshi. Azarar ma ta fara zamewa. Ni dai ko akuyata ba zan bari ta kwana a ciki ba."

Ni kuma a tsakar gida, da murya ta mai ba da umarni, na ce, "Ai shi ke nan. Dama ya tsufa. A rushe shi gaba ɗaya a yi na bulo, kowa ya huta." Ko a raina ban kawo cewa labule kaɗai ne tsakaninmu da Yaya ba.

Na leƙa na ce mata ta haɗa kayanta yau ta koma ɗakin baƙi. Tana zaune a kan buzu tana jan carbi, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ina nan."

Na yi bayani, ta ce tana nan. Na kawo maganar magini, ta ce maginin nan a gabanta aka yi masa kaciya. Na ɗaga murya na ce zan kira ɗanta daga Kaduna, in ya so a zo a fitar da kayan ko tana so ko ba ta so. Nan ta ɗago ta dube ni, wani kallo da rabona da shi tun ina yaro, ta tashi ta turo ƙofa.

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Abincin da mai ɗakina ta kai mata ma sai ya dawo yadda ya tafi. Ni kuwa duk gajimaren da ya gifta sai gabana ya faɗi. Ina fushi, ina tsoro, na rasa wanne ya fi yawa. A zuciyata ina cewa wannan wane irin taurin kai ne, mutum ya zaɓi ginin ƙasa a kan ransa?

A kwana na huɗu da safe ina ta zirga-zirga a tsakar gida, mai ɗakina tana hura gawayi. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ka gaya mata ta fita sau nawa?"

Na ce, "Ya fi a ƙirga."

Ta ce, "To sau nawa ka tambaye ta me ya sa ba za ta fita ba?"

Ko sau ɗaya ban tambaye ta ba.

Da hantsi na je ƙofar ɗakin na yi sallama, na cire takalmi, na shiga na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, inda nake zama in Inna za ta raba mana tuwo. Ɗakin yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, haske yana shigowa ta tsagar bango ya kwanta a kan gadonta. Na gaishe ta, ta amsa a daƙile. Na ce, "Yaya, na yi kuskure da na ɗaga miki murya, ki yafe mini. Ban zo in ce ki fita ba. Na zo in ji abin da ke ranki."

Can sai ta ce, "Auta, shekara talatin kana bakin ruwa. Sallah zuwa sallah muke ganinka. Da Inna ta kwanta, a ɗakin nan na yi jinyarta shekara huɗu. A kan cinyata ta cika, ga wurin nan." Ta nuna da carbinta. "Da mijina ya rasu, danginsa suka raba gida, nan na dawo, babu wanda ya ce mini don me. Duk duniya nan ne kaɗai wurin da ba aro aka ba ni ba. Sai na ji ka da kunnena kana cewa a rushe kowa ya huta. In na fita, ka gina naka na siminti, na zama baƙuwa a gidan ubana, ina jira a ce mini zauna nan, tashi can. Gara ya faɗo mini."

Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ni ina ganin bango ne ya tsage, ashe ita abin da take gani daban ne, kuma da bakina na jawo. Na ce, "Yaya, ɗakin nan naki ne, ko yana tsaye ko yana kwance. In ya faɗi, da tubali za a mayar da shi, a inda yake, yadda yake, ƙofa tana kallon inda take kallo. Ke za ki tsaya a kan aikin, ni ɗan aike ne."

Ta ce, "Faɗa a gaban mutane."

Na fita na kira maginin da limamin masallacinmu, na maimaita a gabansu. Ta sa maginin ya auna tsawo da faɗi da igiya, ta ƙulle igiyar ta soke a bakin zaninta. Sannan ta ce, "To, a fara da adakar Inna."

Matan maƙwabta suka shigo, kafin azahar an kwashe komai: gadon ƙarfe, adaka, jeren kwanuka da tasoshin da suka girme ni, har da wani tsohon allo da ban san yana nan ba, wanda na yi karatu da shi. Yaya ce ta fito a ƙarshe, tana dogara sanda, ba ta waiwaya ba.

Da yamma aka yi ruwa mai ƙarfi. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran in ji rugugi. Shiru. Gari ya waye ɗaki yana nan tsaye. Yaya ta dube shi ta dube ni ta ce, "Ga shi nan dai, injiniya." Washegari ma haka, har na fara jin kunya, ina tunanin ko na tayar da hankalin tsohuwa a banza.

A kwana na uku da fitarta, da hantsi, rana tana haske tar, babu ko ɗigon ruwa, muna zaune a inuwa ita tana tsintar wake. Sai muka ji wani ɗan ƙas-ƙas, sannan rim! Bangon gabas ya kwanta ciki, rufin ya bi shi, ƙura ta turnuƙe gidan. Da ta lafa, azara uku ne a gicciye daidai inda gadonta yake. Mai ɗakina ta ɗora hannu a ka tana salati. Ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa. Yaya ta ajiye faifan waken a hankali, ta daɗe tana kallon wurin, leɓenta yana motsi. Sannan ta miƙo hannu ta dafa kaina, kamar yadda take yi ina ƙarami, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta." Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta.

Wuta ba ta dawo ba sai bayan mako uku. Kafinta ya zo a ranar da na daina nemansa. Da damina ta wuce aka kwaɓa ƙasa aka yi tubali, Yaya ta sa kujera a tsakar gida tun safe har yamma tana ba da umarni, maginin yana cewa bai taɓa aiki a ƙarƙashin shugaba mai tsanani irinta ba. Ni nake zuwa sayo azara, ni nake kawo wa ma'aikata ruwa, kuma ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba. Ta koma ɗakinta kafin sanyi ya shigo, ta yi shekara shida a ciki cikin rufin asiri, muna hira kullum bayan la'asar, kafin Allah ya karɓi abarsa.

Abin da wannan mako ya koya mini, wanda shekara talatin na shugabanci ba su koya mini ba, shi ne: in ka ga mutum ya kafe a kan abin da kai kake ganin wauta ce, akwai abin da yake karewa wanda ba ka gani ba. Kana iya kasancewa da gaskiya ɗari bisa ɗari, amma gaskiyarka ba za ta ceci kowa ba in ba ka sauko ka zauna ka saurara ba. Da na ci gaba da ɗaga murya kwana uku kacal, da yau labarin da nake ba ku daban ne.