Takardar da Na Ƙi Karɓa a Hannun Malam Shu'aibu

Malam Shu'aibu ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsugune ina wanke-wanke a tsakar gida. Wata abokiyar aikina ce ta kira. Ta ce, “Rifkatu, nemi wuri ki zauna.” Na ce ta faɗa kawai, hannuna duk kumfa. Ta ce, “Malam Shu'aibu na Samaru ya cika da asuba a asibiti. Har an tafi kai shi.”

Har an tafi kai shi. Ni ko kwanciyarsa asibiti ban sani ba.

Yanzu na dawo daga gidan gaisuwa, na kasa cin abinci, na kasa yin shiru. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Waɗanda ba malaman makaranta ba ƙila ba ku san shi ba. Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Samaru. Dogo, siriri, kullum a kan wani tsohon babur da sai an tura yake tashi. Shi ne ya gina mana shafin nan da muke kira Zaure.

Kafin Zaure, kowace makaranta da ta ɗan waye tana da nata shafin karatu a intanet, a kulle. Makarantar mishan da nake koyar da lissafi a Sabon Gari tana da nata. Wata Islamiyya a Jama'a tana da nata. Wasu malaman jami'a sun zuba darussa masu kyau a wani wuri da ba wanda ya san hanyarsa. Sai ka kwana uku kana fama da tsara darasi, alhali wani malami a bayan layinku ya gama shi tun bara, har da bidiyo.

Malam Shu'aibu ya ce wannan asara ce. Ya ce zai haɗa shafukan nan duka su riƙa ganin juna, malami ya shiga wuri ɗaya, ya rubuta abin da yake nema, ya ga wanda ya riga ya koyar da shi, ya ɗauka, shi ma ya ajiye nasa.

A wani taron horar da malamai ya faɗi haka. Ni ce na ɗaga hannu na ce, “Malam, ba zai yiwu ba.”

Daga ranar ya raɗa mini suna. Ko a kasuwar Sabon Gari ya hango ni sai ya ɗaga murya, “Malama Ba-zai-yiwu-ba, ina gajiya?”

Kuma ba ƙarya ya yi mini ba, halina ne. Ni idan aka kawo sabon abu, inda zai lalace nake fara hangowa.

A taron nan ko kunna laftof ban iya ba. Ina ta danne-danne ina zufa, matasan malamai suna ƙunshe dariya. Malam Shu'aibu ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya ce wai tasa ce ta ƙi aiki, ko zan bari mu yi amfani da tawa tare. Sai bayan shekara na gane lafiyar laftof ɗinsa ƙalau.

Bai taɓa sa mana horo ranar Lahadi da safe ba, bai taɓa sawa Juma'a da rana ba. Ba wanda ya roƙe shi.

Lokacin da mahaifiyata ta rasu, har ƙauyenmu a kudancin Kaduna ya je. Ya zauna a benci a wajen coci har aka tashi.

Aikin kwamfuta ba shi ne wahalar Zaure ba. Mutane ne wahalar. Hedimastanmu ya ce ba zai buɗe wa bare shafin makaranta ba, akwai sunayen yara da sakamakonsu a ciki. Shugaban Islamiyyar ma haka ya ce. Malam ya yi ta sintiri a kan babur ɗin nan, Samaru zuwa Sabon Gari, Sabon Gari zuwa Jama'a, yau a ce masa oga ba ya nan, gobe a ce ya dawo jibi. A ƙarshe suka yarda bisa sharaɗi ɗaya: kowace makaranta za ta ba shi mabuɗin shafinta, amma shi kaɗai zai riƙe kalmar sirrin Zaure. Ba mataimaki, ba na biyu.

Ya ɗauki alkawari, ya kuma riƙe shi fiye da yadda ya kamata.

Duk farkon zango makarantu suna canza mabuɗansu, su aiko masa, shi kuma ya shiga da hannunsa ya sake ɗaura kowace a Zaure. In bai yi haka ba, makarantar ta ɓace daga shafin. Shekara da shekaru yana yi, mu dai mu buɗe waya mu ga komai na aiki.

Yarana na aji uku sun fi kowa cin moriya. Akwai wani malami a Islamiyyar Jama'a da yake bayanin aljabara da Hausa, a hankali, da misalin mudu da tiya. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, muryarsa kawai na sani. Yaran da na yi wata biyu ina yi musu ihu ba su gane ba, a darasinsa ɗaya suka gane. Shi ma an ce yana amfani da nawa na kusurwoyi. Da na faɗa wa Malam Shu'aibu, ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce, “To Malama, ya yiwu ko bai yiwu ba?”

Na ce a dai jira a gani.

Alhamis ɗin makon jiya ya kira ni, ya ce in same shi a Samaru, wajen mai gasa masara da ke kusa da inda kekuna suke tsayawa. Na hau keke-napep na je. Na ga ya rame, fuskarsa ta ɗan kumbura, na tambaye shi. Ya ce gajiyar makin jarrabawa ce.

Ya saya mini masara, shi bai ci ba. Sai ya zaro wata takarda a ninke daga aljihun gaban rigarsa, ya miƙo mini.

Ya ce, “Kalmar sirrin Zaure ce, da yadda ake ɗaura makarantu. Na zagaya duk shugabannin na nemi izini a ƙara mutum ɗaya. Sunanki kaɗai ne ba wanda ya yi musu a kai. Ki riƙe, ko da ta Allah za ta kasance.”

Kun san yadda muke. Mutum yana zaune a gabanka da ransa, ya fara maganar bayan ransa, ba ka miƙa hannu ka karɓa. Sai ka ji kamar ka amsa masa da amin. Haka aka tarbiyyantar da ni, haka na ga iyayena suna yi.

Na ture hannunsa. Na ce, “Haba Malam, wace irin magana ce wannan kamar mai barin wasiyya? Allah ya sawwaƙe. Mayar da takardarka aljihu, kai za ka binne mu.”

Ya ce, “Malama Rifkatu, karɓi dai.”

Ranar ce kaɗai ya kira ni da sunana na gaskiya, ban ma lura ba sai yau.

Na ce ba zan karɓa ba, in an koma makaranta ya koya mini a tsanake. Ya daɗe yana kallona. Sai ya yi murmushi, ya mayar da ita aljihu, ya ce, “To, Allah ya kai mu.”

Na tafi ina jin daɗin kaina, wai na ƙarfafa masa gwiwa.

Ashe ciwon ƙoda yake fama da shi tun bara. Matarsa kaɗai ta sani. Ran Lahadi aka kwantar da shi, bai ƙara dawowa hayyacinsa sosai ba.

Da rana na shiga wajen mata na yi gaisuwa. Ban je da niyyar tambayar komai ba, Allah ya sani. Matarsa, Maman Amira, ita ce ta riƙe hannuna da na tashi tafiya, ta ja ni ɗaki. Ta ɗauko wani abu a kan taga ta sa mini a tafin hannu.

Ta ce, “Anti, ran Asabar na wanke farar rigarsa, ban duba aljihun ba. Sai wajen shanya na ga wannan. Na ga kamar sunanki ne a baya, shi ne na ajiye miki. Ki yafe ni, ban san ko mai muhimmanci ba ce.”

Takardar ce. Ta dunƙule, ta bushe, ta yi tauri. Na yi ƙoƙarin buɗe ta a hankali, tana marmashewa. Tawadar duk ta narke ta zama shuɗi ɗaya. A baya kawai ake iya ganin rabin sunana.

Na ce mata ba komai, ba wani abu ba ne. Me zan ce wa matar da aka fita da mijinta ɗazu?

A hanya na kira wani masanin kwamfuta da ya taɓa taya Malam aiki. Ya ce Malam ya kulle Zaure da gangan yadda ba mai shiga ta bayan gida, saboda alkawarin da ya yi wa makarantu. Ya ce sai dai a gina sabo. Na ce wa zai gina? Ginin ma a ce an yi, wa zai hau babur ya je ya zauna a ofishin hedimastanmu sau bakwai, ya je Jama'a sau bakwai, har su yarda da juna? Shi suka yarda da shi. Sai ni, da ya roƙa mini yardar, na ture.

Ɗazu na buɗe Zaure. Yana nan yana aiki kamar ba abin da ya faru. Na kunna darasin aljabara, muryar malamin nan ta fito tana lissafin mudu, na kashe.

Litinin ta sama za a koma makaranta. Makarantu za su canza mabuɗai, su aika wa lambar wayarsa da ba mai ɗauka. Daga nan za su riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Malamai, duk mai darasin da yake so a ciki ya sauke shi a wayarsa kafin ranar. Iyakar abin da zan iya ce muku ke nan.

Shekaru ina ce masa ba zai yiwu ba, yana nuna mini ya yiwu. Yau da na fi kowa son a ƙaryata ni, babu mai yi.

Allah ya jiƙan Malam Shu'aibu, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa darussan da yara suka gane ta dalilinsa su zame masa haske. Allah ya ba Maman Amira da yaransa haƙuri, ya tsaya musu.

Musulminku da Kiristanku, duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya minti ɗaya ya yi masa addu'a yadda addininsa ya koya masa. In kun gama, ku saka ni a ciki. Takardar tana cikin jakata, na rasa inda zan ajiye ta.