Jan Fenti a Gonar Baba

Shekarar da aka naɗa ni sakataren kwamitin kula da itatuwa na ƙauyenmu, can arewa da Babura, ban ƙara sanin zama wuri ɗaya ba. Ina koyarwa a Kazaure, amma duk Juma'a da an sauko daga masallaci sai in haye babur in nufi gida, kamar wanda ya bar tukunya a kan wuta.

Gonar Baba ce ta hana ni sukuni. Rairayi ya cinye gefenta na gabas. Gero ya tsiro, iska ta binne shi, a sake shuka, ta sake binnewa. Wani jami'in gwamnati ya tara mu a ƙofar gidan mai gari, ya ce in an zo sassabe a bar tohon gawo da kalgo, a rage musu rassa, su za su tare iskar. Itace na mai gona ne, gwamnati nata shawara da kayan aiki. Dattawa suka ce madalla.

Ni kuwa, sarkin rawar kai, na sayo jan fenti don kada masu sassabe su yi kuskure. Kwana biyu ina bi gona-gona ina shafa wa duk tohon da za a bari, bayana kamar zai karye.

Da na dawo Juma'ar gaba, wallahi sai da na murza ido. Duk wanda na shafa an sare shi, har da tone saiwa. Na gonarmu ma bai tsira ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sami Baba a zaure yana wasa gatari, na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, me na yi muku?"

"Kai yaro ne," in ji shi. "A zamaninmu, itacen da malamin daji ya shafa wa ja ya tashi daga naka, ya zama na gwamnati. Ka sare reshe ɗaya don akuyarka, sai gaban alƙali. Kakanka ya kwana a tsare kan gawon da ke tsakiyar gonarsa."

"Ai an ce yanzu naku ne."

"An ce. Shi mai cewar, baɗi yana nan?"

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na miƙe zan tafi, Baba ya ce in biyo shi. Muka ratsa gonar har inda rairayin yake. Bayan wani tudu da ba a hangowa daga hanya, ga tohon gawo da kalgo a jere, an rage musu rassa tsaf yadda jami'in ya nuna. Fentina bai kai nan ba.

Ya kama hannuna ya matse. "Waɗannan nawa ne. In sun tambaye ka, ba ka gani ba."

Ran Litinin ina makaranta jami'in ya aiko in kai rahoton yawan tohon da kowace gona ta bari. Na zauna, na tashi, na koma na zauna, biro a hannu, har aka kaɗa ƙararrawar tashi. Gaban sunan Baba na rubuta: babu.