Kawu Mahadi da Takin da Ya Ce Ya Mutu

Kawu Mahadi ƙanen innarmu ne, kuma duk Furfuri ba wanda ya kai shi iya fara abu. Gamawa ce dai ba a rubuta masa ba. Ya yi facin taya a Bunguɗu, ya bari, wai jiran gam ya sha iska ɓata lokaci ne. Ya sayar da rake a tashar Tsafe, rabi a cikinsa ya ƙare. Ya yi kabu-kabu a Gusau har mai babur ya karɓe abinsa. Da duniya ta gaji da shi, ya dawo gida da hula a karkace, ya ce noma zai yi, amma na zamani, ba irin na 'yan ƙauye ba. Mutumin da aka binne cibiyarsa a bayan rumbu.

Gonar gadonsa ya daɗe da sayar da ita. Inna Lantana ta ara masa tata da ke hanyar Karakkai, damina ɗaya, da sharaɗin in ya ɓata ta ba zai ƙara taka ta ba. Har tsibin takinta ta bar masa: kashin awaki, ƙaiƙayi da sharar tsakar gida, wanda ta kwashe rani guda tana juyawa tana yayyafa masa ruwa. Ya yi baƙi, ya yi laushi, yana ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari.

Kawu ya cusa hannu ciki, ya ji sanyi, ya yatsine fuska. Ya ce wannan takin ya mutu. A iliminsa zafi shi ne ƙarfi, ko shayi in ya huce ai ruwa ne. Ya kira Jibo, makiyayin da ke noma a gefen gonar, ya ce ya kwashe gawar ya rage masa shara. Jibo bai yi musu ba. Amalanke ya kawo tun Kawu bai rufe baki ba.

Sai gwanin ya tafi wani gidan kaji a Gusau, ya ɗebo ɗanyen kashi cakuɗe da garin katako, yana tururi, warinsa na sa ido hawaye. Yana shaƙa yana lumshe ido kamar turaren Makka.

Ni ban gama sakandare ba, amma darasin aikin gona ɗaya ya maƙale mini. Zafin nan alama ce ruɓewa ba ta kammala ba. Warin da ke yankar hanci naitirojin ne, wato abincin shuka, yake gudu cikin iska, wanda ya rage kuma shi da gishirin kashin su ƙone saiwa. Garin katako kuwa, kafin ya ruɓe, abincin shukar yake ƙwacewa. Na gaya masa ya tara shi ya bar shi ya huce. Ya ce wanda ya gudo daga aji ba ya karantar da wanda ya zauna birni.

Masara na tsirowa ya bi ta gindi-gindi, yana dumbuza mata da hannu biyu. Ba a jima ba bakin ganye ya fara ƙonewa, sauran ya koma ruwan ɗorawa. Kawu ya duba ya ce yunwa ce, ya ƙara mata. Da ta kwanta gaba ɗaya, ya ce bakin mutane ne, ya kafa sanda ya rataya tsohon takalmi. Ƙetaren iyaka kuwa dawar Jibo ta yi duhu har ba ka hango shanunsa.

Inna ta zo da kanta. Ta tumɓuke kara ɗaya, ta dubi saiwar da ta yi baƙi kamar an babbake, ta shinshina ƙasar.

"Mahadi, mi kaz zuba ma gonata?"

"Taki mai rai, Yaya. Naki ya mutu."

"To ina gawar?"

Ya hau gyaran hularsa. Ni na nuna mata dawar Jibo da haɓa, don ba kyau a bar babba cikin duhu.

Ba ta zage shi ba, shi ya fi yi masa ciwo. Ta ƙwala wa Jibo kira, ta ce baɗi gonar tana hannunsa, ya sa shanunsa su kwana a ciki da rani ko ƙasar ta huce. Kawu ya fara bayanin cewa a ƙasashen waje haka ake yi. Ta miƙa hannu ta karɓe fartanyar da ke kafaɗarsa, don ita ma tata ce.