Za-mu-kira a Layin Marasa Lafiya

A unguwarsu babu mai tuna sunansa na gaskiya. Za-mu-kira ake ce masa, babba da yaro, kuma mai askin bakin layi ne ya laƙaba masa. Duk ranar da ya dawo daga intabiyu, kwat a kafaɗa, takalmi ya yi buɗu-buɗu, mai aski zai leƙo da almakashi a hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, yaya aka yi?" Shi kuma ya ce, "Sun ce za su kira." Haka aka yi ta yi har amsar ta zama suna. Wayarsa kuwa, in ta yi ƙara, ko dai matarsa ce tana cigiyar gishiri, ko kamfanin layi ne ke masa tallan waƙa.

Mutumin nan fa ya yi karatu. Kimiyya ya karanta a jami'a, ya san sunan ƙwayoyin cuta kamar tare suka tashi. Da ya gama sai ya samu koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi, inda alli ke cin yatsu, albashi kuma sai ya ga dama yake zuwa. Abin da ransa ke so shi ne aikin wakilin kamfanin magani, irin mutanen nan masu jakar fata da mota mai tambarin kamfani, da ke bin asibitoci suna gabatar wa likitoci sababbin magunguna. Ba wani abin duniya ya ɗora wa kansa ba. Albashi mai zuwa a kan lokaci yake so, da ɗaki na biyu, don 'yarsa ta daina kwana a bayan kujera.

To, ka ji yadda masu kamfani ke wasa da hankalin talaka. Wannan ya ce sai mai gogewa a harkar. Ina ake samun gogewar? Sai an ɗauke ka. Yaya za a ɗauke ka? Sai kana da gogewa. Wancan ya ce sai mai lasin tuƙi. Ya je ya lallaɓa mijin yayarsa, ya koyi tuƙi a tsohuwar motarsa mai tari, ya yi lasi. Ya koma, aka ce ai nufinsu mai motar kansa. Wanda ke da motar kansa, don Allah me zai kawo shi layin neman aiki da kwat ɗin aro? Wani kamfanin ya ce ya yi yaro, wani ya ce shekarunsa sun ja, kuma duk a cikin wata guda. Kowane intabiyu kuma sai wani mai tumbi ya zaro biro daga aljihu ya jefa a kan tebur ya ce, "Sayar mini da wannan." Za-mu-kira ya sayar da biro ya fi mai kantin littattafai, amma ko murfin biro ba a taɓa ba shi ya tafi da shi gida ba.

Ana nan sai wani ƙaramin kamfani, a saman bene kusa da shagon masu gyaran firji, ya ce masa wata magana dabam. Manajan, wani siririn mutum mai yawan duba agogo, ya ce, "Mu ba ma ɗaukar mutum da takarda. Gwaji za ka yi. Ka bi babban wakilinmu ka ga aiki, mu ma mu gan ka." Babu albashi, babu ranar gamawa, kuma kullum ne tun safe. Wato sai ya ajiye koyarwa.

Matarsa tana goge masa riga ta ce, "Baban yarinya, za ka saki wanda ke hannunka saboda mutanen da ko kujera ba su ba ka ba?"

Ya ce, "Wannan karon daban ne."

Ta ce, "Wancan karon ma daban ne." Ta ci gaba da guga, tana danna wuyan rigar kamar wuyan manajan ne.

Babban wakilin, Oga Turare ake ce masa, domin ƙamshinsa kan riga shi shiga ɗaki, kuma ya daɗe bai fita ba bayan shi ya tafi. Aikin da ya koya wa Za-mu-kira guda biyu ne: ɗaukar jaka da zaman benci. Likitoci ba sa ganin 'yan talla sai marasa lafiya sun ragu, saboda haka dole wani ya zauna a ƙofa ya riƙe layi. Oga Turare zai kwantar da kujerar mota a ƙarƙashin bishiya, ya kunna sanyi, ya ce, "Ƙanina, in layi ya zo ka latso ni a waya." Za-mu-kira kuma ya zauna a benci tsakanin mai tari da mai nishi, kwat na dafa shi, tsofaffi na harararsa suna cewa ga ƙato lafiyayye ya cinye wa mutane wuri. Layi na zuwa Oga zai shigo yana gyara wuyan riga, ya karɓi jaka, ya shige, ya rufe ƙofa. Abin da ake faɗa wa likita a ciki, wanda shi ne aikin, Za-mu-kira bai taɓa ji ba. Sai dai ya kwashi takardun tallan ya haddace a motar haya.

Da abin ya ishe shi ya hau benen ya tambayi manaja matsayinsa. Manaja ya duba agogo, sannan ya ce, "Ka san Katanga?"

Wa bai san Katanga ba? Tsohuwar likita ce mai ɗan asibitin kanta, masu hawan jini na tururuwa wurinta. 'Yan talla ne suka sa mata sunan, don babu wanda ya taɓa tsallake ta. Nas ɗinta tana hango jakar fata za ta nuna wa mutum hanyar fita. Kamfanin kuwa sabon maganin hawan jini ya shigo da shi.

Manaja ya ce, "Ka buɗe mana ƙofarta, aiki naka ne. Na faɗa a gaban kowa."

Za-mu-kira ya kwana yana juyi, da safe ya tashi da dabara. Ya rataye kwat a ƙusa, ya sa tsohuwar riga da silifa, ya ninke takardar talla a aljihu. Zai yanki kati ne a matsayin mara lafiya. Matarsa ta riƙe baki ta ce, "Da lafiyarka za ka je ka ce ba ka da ita? Ka ji tsoron Allah, kada ka jawo wa kanka." Ya ce ai ciwon kai kawai zai ce, kuma ba ƙarya zai yi ba, tunda ƙeyarsa ta daɗe tana sara masa.

Nas ba ta ko kalle shi sau biyu ba. Da aka kira shi ya shiga, ya tarar da 'yar tsohuwa mai gilashi a kan hanci, fanka na kaɗa takardun teburinta. Ya buɗe baki zai fara jawabin da ya haddace, ta ce, "Miƙo hannu." Ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta yi ta matsa robar har ya ji hannun kamar ba nasa ba. Ta kalli awon, ta kalle shi, ta kwance ta ɗaura a ɗaya hannun.

Ta ce, "Ɗana, tun yaushe kake yawo da wannan?"

"Da me, ranki ya daɗe?"

"Jininka ya hau, kuma ba hawan wasa ba."

Ya yi dariyar yaƙe. Don ya wanke kansa sai ya zaro takardar talla ya shimfiɗa a teburin, ya ce shi fa lafiyarsa ƙalau, aiki ne ya kawo shi. Katanga ta cire gilashi ta ajiye.

Ta ce, "Wato kati ka yanka don ka yi mini talla? Lallai ba ka da kunya. Da na kore ka, amma awo ba ya ƙarya don mai shi ya yi. Dole ka zauna ka huta in sake aunawa. To, tunda zaman banza za ka yi, yi tallan naka in ji."

Ya yi. Ya zubo mata abin da ya haddace a motar haya. Ta tambaye shi illar maganin, ya faɗi abin da ke rubuce bai ɓoye komai ba. Ta yi wata tambayar, ya ce wannan bai sani ba. Ta gyaɗa kai, ta sake awo, jini yana nan inda yake. Ta rubuta masa magani na wani kamfanin daban, ta ce shi ne daidai aljihunsa, ta hana shi gishiri da yawan tunani, kamar tunani fitila ce da ake kashewa. Yana ƙofa ta ce, "Ka kawo mini samfurin naku da takardun bincikensa in duba. Kai za ka kawo. Ban da mai turaren nan."

Da ya yi shiru da sauran labarin, da yanzu wataƙila yana cikin mota mai tambari. Amma mutumin da ya daɗe ba a saurare shi ba, ranar da ya samu masu saurare ai sai abin da ya manta. Ya hau benen da gudu, ya tara 'yan ofis, ya kwaikwayi nas, ya kwaikwayi gilashin Katanga, ya kwaikwayi yadda ta matse masa dantse. Ana ta dariya har da buga tebur. Ya ce, "Kun ga ikon Allah, na je da ciwon ƙarya na dawo da na gaske! Wai hawan jini gare ni!"

Kowa ya ƙyalƙyale, ban da manaja. Ya ce, "Hawan jini ka ce?"

Ya ja shi ofis ya rufe ƙofa. Ya yaba masa, ya ce ya yi abin da ya gagari manya. Sai kuma ya fara lanƙwasa harshe. Aikin nan na rana ne, na tuƙi ne, na hawa bene da kaya ne. In mutum ya yanke jiki ya faɗi a hanya da motar kamfani, wa zai ɗauki alhaki? Masu kamfani ba za su yarda ba. A bangon bayansa kuwa ga ƙaton hoton maganinsu, wani magidanci yana gudu yana murmushi, an rubuta cewa mai shan maganin zai yi harkarsa kamar kowa.

Za-mu-kira ya nuna hoton ya ce, "Ranka ya daɗe, shi wancan fa? Ko shi ma ba za ku ɗauke shi ba?"

Manaja bai waiga ba. Ya duba agogo ya ce, "Ka je gida ka huta. Za mu kira ka."

Kamfanin da ke cin abinci da masu hawan jini, shi ne ya ce mai hawan jini ba zai ci abinci a wurinsa ba. Kuma wa ya haɗa masa ciwon, in ba su da irinsu ba? Za-mu-kira ya koma makaranta, ya tarar an ba wani allinsa. Ya koma bin gidaje yana koya wa 'ya'yan mutane lissafi da yamma. Matarsa ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta dai ɗauke gwangwanin gishiri ta ɓoye, kwat kuma ta mayar wa mijin yayarsa ba tare da ta tambaye shi ba.

Ranar da zai koma awo, yana zaune a bencin Katanga da katinsa na gaske, sai wani ya zauna kusa da shi ya ce, "Ƙanina!" Sai da ya kalle shi da kyau ya gane shi. Oga Turare ne, babu jaka, babu kwat, kuma yau ko ɗigon turare bai shafa ba. Ashe warinsa irin na kowa ne. Aljihunsa ya kumbura da kwalayen samfur.

Ya rage murya ya ce, "Na zo da kaina an kore ni. Ka taimaka mu shiga tare, ka ce ni yayanka ne na rako ka. Manaja fa yana maganarka. Jiya ma ya ce wannan yaron kada mu rasa shi."

Zuciyar Za-mu-kira ta yi tsalle, ya ji haushin kansa da ta yi. Ya tuna ɗaki na biyu. Ya kuma tuna agogon manaja. Ya ce, "Ba damuwa, Yaya. Riƙe mini layi in sha iska, ka san mu marasa lafiya."

Ya fita ya zauna a ƙarƙashin bishiya, a kan bonet ɗin motar Oga, yana leƙensa ta taga. Wata tsohuwa ta ɗora wa Oga ƙafarta mai kumburi a gefen wando. Wani ya yi masa atishawa a wuya. Gumi ya jiƙa masa baya. Sai da rana ta take sosai nas ta kira lamba, Za-mu-kira ya shigo yana miƙa. Oga ya miƙe ya bi bayansa.

Nas ta tare ƙofa da hannu ta ce, "Wannan fa?"

Za-mu-kira ya ce, "Ɗan talla ne, ki duba aljihunsa." Ya juya ya dafa kafaɗar Oga ya ce, "Ka je gida ka huta."

Ya san abin da ya yi. Benen kamfanin nan ya hau shi na ƙarshe ke nan, kuma 'yan talla bakinsu ɗaya ne, kafin yamma labarinsa ya zaga sauran kamfanoni. Katanga ta ɗaura masa abin awo ta fara matsawa, tana tambayarsa ina samfurin da ta ce ya kawo. Kafin ya amsa, wayarsa ta hau ƙara a kan tebur. Ya leƙa, sunan manaja ne. Tun da ya fara neman aiki, yau ne kamfani ya taɓa kiransa.

Katanga ta ce, "Kada ka motsa, za ka ɓata mini awo."

Bai motsa ba, ya bar ta tana ƙara har ta gaji.